Shatar Yatsu a Tubalin Ganuwa

Ranar Laraba, bayan ruwan dare,
na kora jaki ɗibar ƙasa bayan Ƙofar Guga,
inda ganuwa ta durƙusa kamar tsohuwar raƙuma,
masu gini sun yagi gefenta, awaki sun hau bisa.
Sara uku, diga ta ce ƙas.
Na sunkuya. Tubali ne, curin hannu irin na da,
gindi da faɗi, kai da tsini,
a jikinsa shatar yatsu biyar, ba ta goge ba.

Na sa hannuna a ciki, ya zauna daram,
sai dai ƙaramin yatsansa a karkace yake.
Wa ya karya maka shi, bawan Allah?
Ko a zamaninka ba a fara kiran mutum haka ba?

Na raɗa maka suna Nomau, don in sami abin kira.
Ina jin tun kafin carar zakara aka buga gangar gayya,
mai shela ya bi lungu-lungu: kowane gida namiji guda.
Gero yana can yana jiran noma,
kai kana nan cikin kwaɓi har gwiwa.
Sarki ya ce ganuwa taku ce, kada mahara su kwashe muku 'ya'ya.
Bai yi ƙarya ba.
Amma in rana ta faɗi aka tura ƙyaure,
wanda fada ke bi bashi, shi ma ba shi da ta fita.

Kafin a aza harsashi, wataƙila an kai baƙin bunsuru gindin tsamiya.
Iskoki suka sha jini,
mai tsafi ya ɗauki cinya, fada ta karɓi ƙirji,
kai ka koma gida da ƙauri cikin ganye.

Sai wata shekara ayari ya sauka,
da gishiri, da tagulla, da wani baƙo mai alƙalami
wanda yake wanke ƙafa sau biyar a yini.
Fada ta shimfiɗa masa buzu a dama.
Ba ta kori mai tsafi ba, ta dai matsar da shi hagu,
don mai mulki ba ya kashe wuta
sai ya ga wata ta kama.

Kai fa, wa ka bi?
Ko ka yi alwala da asuba,
da dare ka lallaɓa ka kai wa tsamiya fura,
tunda talaka ba ya son ɓatawa da kowa?
Ba ni zan yanke maka hukunci ba.
Mai hukunci Yana nan, kuma Ya san nauyin ƙasar da ka ɗauka.

Maroƙa sun riƙe sunayen sarakuna a ka,
wane ya haifi wane, wane ya ci garin wane.
Kowace ƙofa da sunanta.
Kai ko kirari ɗaya ba ka samu ba.
Yau kuma hotunan 'yan takara ne manne a bango,
wani bisa wani, kamar faci a tsohuwar riga,
kowa yana cewa don ku zan gina.
Ni ma gobe katangar Alhaji Barmo ke jirana,
ya ce a jera mata fasasshen kwalba a kai.

Ban jefa ka cikin mangala ba.
Na kai ka gida a bakin riga.
Gwamma ta sa ɗan hannunta, ya ɓace a cikin naka,
ta ce, Baba, na wane ne?
Na ce na kakanki.
Har yanzu ban san ko ƙarya na yi mata ba.

Da yamma uwarta ta duba murhu, dutse ɗaya ya fashe.
Ba ta tambaye ni ba, ta ɗauke ka ta sa.
Ga ka nan kuma, Nomau, an aza maka tukunya.
Wuta ta gasa ka, ka yi ja,
yatsun sun ƙara fitowa.