Gani Yana Ƙeya

Shekara talatin da ɗaya Baba Tanimu
yana ɗaukar hoto a bakin Taminus.
Ya cusa kai cikin baƙin ƙyalle,
ya hango amarya a kife, takalmi sama, ɗankwali ƙasa,
ya ce mata, "Kada ki motsa."
Shi ya koya mini tun ina ƙarama:
haske ba ya bin ƙaramar kafa
sai ya yi adungure.

Wata Laraba, bayan ruwan ƙanƙara,
ya cinye tuwon da ke dama da kwano,
ya ture, ya ce yau an yi masa rowa.
Na juya kwanon.
Ya ce, "Af, wa ya ƙaro?"

A asibitin Lamingo, Likita Kangyang
ta haska idon, ta sake haskawa,
ta ce garau yake, kamar na ɗan yaye.
Sai ta ɗora yatsa a ƙeyarta:
"Nan jini ya tsaya. Nan ake gani."

Na ce, ƙeyar da ba ta taɓa ganin rana ba?

Ta ja takarda ta zana mini.
Can ƙarshen ido akwai wani labule,
bai fi ɓawon albasa kauri ba,
nan duniya ke faɗowa a kife.
Nan haske ke tuɓe rigarsa ya zama saƙo,
zare dubu sau dubu ya ɗauka ya nausa ciki.
A wata mararraba a tsakiyar kai
rabin zaren ya ƙetara:
kayan hagu su bi dama, na dama su bi hagu.
A yada zango kaɗan, a tace,
sannan a sauke kaya a ƙeya.

Kuma ba hoto ake saukewa ba.
Kamar motar gwari ce ta iso Farin Gada da asuba,
kowa da abin da yake jira.
Wata ƙwaya ba ta san komai ba sai layin da ke tsaye,
maƙwabciyarta sai wanda ya karkace,
wata barci take sai abu ya gilma,
wata ja kawai take saye.
Daga nan hanya ta rabu biyu,
ta sama tana tambaya, "Ina yake?"
ta ƙasa tana tambaya, "Mene ne? Wane ne?"
Kafin ƙiftawa an ɗinke,
a miƙo maka fuskar 'yarka
kamar dama can ɗaya take.

Akuyar da ke tsalle a duwatsun Shere,
magen Ladi mai dakon ɓera a rumbu,
duk wanda ya sha nonon uwa, in ji ta,
kusan wannan turba ganinsa ke bi.

An ce gani ya kori ji.
Ba wanda ya ce mana gani ma labari ne
da ake kitsawa a ɗakin duhu,
irin wanda Baba ke wanke hoto a ciki.

Ran nan na manta bokiti a hagun zaure.
Ya taho da sandarsa, ya kauce tsaf.
"Ka gan shi?"
"Ban ga komai ba. Ƙafata ce ta ƙi."
Ashe akwai tsohuwar ɓarauniyar hanya a ƙasa
da ke kai saƙo ba ta yi wa mai gida sallama ba.

Yanzu ya koyi juya wuya a hankali
don ya tattaro rabin garin da ya ɓace masa.
Da yamma in sanyi ya sauko daga Naraguta,
nakan zauna a hagunsa da gangan, in yi shiru.
Ya waiwayo,
ya wuce katanga, ya wuce bishiyar fiya,
har ya iso kaina.
Sai ya ɗaga yatsa ɗaya:

"Lantana. Kada ki motsa."