Tunkiyar Horace

Thirza ta ce ruwan zai tsagaita kafin hantsi.
Shekara sittin take faɗin haka,
shekara sittin nake ɗaure takalmi in bi bayanta.

Muka bar Thwaite hayaƙi na kwance kan rufin gidaje,
ya rasa ƙarfin tashi.
Disamba ce. Rana ta leƙo sau ɗaya
kamar wadda ake bi bashi, ta koma.

Can bisa tudu babu itace ko na rantsuwa,
sai ciyawa mai launin tsatsa,
sai katangar duwatsu da ta haura cikin gajimare
ba ta ce ga ranar dawowa ba.
Ƙasa na shan ƙafa, tana saki da tsaki.
Yayyafin nan ba daga sama yake zuwa ba,
ta gefe yake zuwa, yana neman kunne.
Fulas ɗin shayi na dukan ƙuguna,
burodin aljihu ya zama kunu.

Karyarmu Tib ce ta fara ji.
Tunkiya, taɓo ya haɗiye ta har wuya,
kukan ma ta daina, ido kawai.
Na kama ƙaho, Thirza ta kama gashi,
tsoho da tsohuwa suna ja suna zagin juna,
har laka ta yi gyatsa ta sako ta,
ta riƙe takalmina na hagu a madadi.

Da ruwa ya wanke kafaɗarta
sai ga shuɗin fenti, layi biyu.
Muka yi shiru.
Shaidar Horace Alderson ce,
wanda muke gaba da shi tun shekarar da katanga ta faɗi
aka rasa mai ɗaga dutsen farko.
Shekara goma sha ɗaya, ko a coci sai dai a kalli bango.

Thirza ta ce, "Dabba ba ta san shari'a ba."
Na saɓa ta a wuya.

Gangaren Keld, ƙafa ɗaya cikin safa.
Rafi ya cika yana surutu ƙarƙashin gada,
shago a rufe, fitila ɗaya a tagar makaranta,
wani yaro ya manna hanci a gilashi yana kallonmu.

Horace ya buɗe ƙofa.
Ya tsufa, ban sani ba, ba wanda ya gaya mini.
Ya dubi tunkiya, ya dubi ƙafata,
ya matsa gefe.

Aka kwantar da ita kan buhu gaban murhu,
tururi na tashi daga mu huɗu, har da Tib.
Ya zuba shayi. Bai tambaya ba,
ya sa mini sukari cokali uku,
ashe bai manta ba.

Ba a ambaci katanga ba.
An yi maganar tsadar ciyawa, da gwiwar Thirza.

Da magariba na fito da takalminsa a ƙafata,
ya ɗan matse ni a yatsa.
Ya ce, "Ka dawo da shi da kanka."

Ruwan bai tsagaita ba.
Thirza ta dubi sama ta ce, "Gobe, kafin hantsi."