Jirgin da Ya Yi Fushi da Ruwa

Ranar Asabar da hantsi aka sauke shi a bakin tafkin Jabi,
daga bayan wata mota mai lambar Legas.
Fari tas, siriri, ƙyallensa ya ɗara bishiyar gwanda tsawo.
Na durƙusa na leƙa cikinsa ta ƙasa, na ce a'a,
wa ya dasa wa jirgi ƙafafun shamuwa?

Ni ne Barau, ɗan Sarkawan Yawuri.
Shekara goma sha ɗaya ina kwance igiya, ina ɗaure igiya
ga masu zuwa shan iska ƙarshen mako.
Na san mai tsoron hadari, na san mai tsoron a gan shi a jiƙe,
na san wanda bai taɓa kai tsakiyar tafki ba
amma a bakinsa ya sha ƙetare Kwara babu tsayawa.

Tanimu, yaron da ya kawo shi, ya yi bayani:
in iska ta cika ƙyallen nan,
fikafikan da ke nutse za su ɗaga gangar jikin,
ya tashi kamu biyu, ya bar tafki a ƙasa,
ya sheƙa, ba ƙara, ba fantsama,
tamkar ya yi fushi da ruwa.

Alhaji Dikko ya shafa gwiwa.
"Tun ina Kwastan take min tsiya.
Ni na zo ne in ji ruwa yana ƙwanƙwasa katako
kamar baƙo mai sallama.
In gudu nake so, ga titin filin jirgi can, an hana kowa?"

Injiniya Davou ya tambayi kuɗin.
Aka faɗa masa.
Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar,
ya koma ƙarƙashin inuwa.

Dokta Lantana ba ta tambayi komai ba.
Ta ɗaure rigar ruwa, ta kifa hular kwano kan ɗankwali.
Karon farko iskar Jabi ta yi rowarta,
jirgin ya ja ciki kamar kowane jirgi,
sai da na bi shi da kwalekwale
na zare masa leda baƙa da kainuwa.

Karo na biyu ya ɗaga hanci, ya yi tutsu, ya zubar da ita.
Masu gasa kifi a gaɓa suka tafa.

Dab da la'asar hadari ya haɗo ta wajen Katampe.
Na ga fuskar tafki ta yamutse tun daga nesa,
na ɗaga murya: ga ta nan, ja igiya!
Ya tashi.
Wallahi ya tashi.
Na hango hasken rana ta ƙarƙashin cikinsa,
na hango ɗaya gaɓar ta tsakanin ƙafafunsa.
Shiru, sai wani siririn fito kamar na zare.
Numfashi tara na ƙirga
kafin ya soka kai, tinjim, aka yi faɗuwa.

Ta ɓullo tana tari, tana dariya,
ruwa na zuba ta hanci: "Barau, ka gani?"
Na ce na gani, Dokta, kamo hannuna.
Alhaji Dikko ya miƙe tsaye bai sani ba,
shayinsa ya huce, ya manta da gwiwa.

Ya ce da ni, "Kai fa, ɗan ruwa?"
Na ce ubana da tafin ƙafa ya koya mini sauraron kogi,
ta katako yake faɗa maka inda rami yake, inda yashi yake.
Jirgin da ya bar ruwa, ta ina zan ji gaisuwa?

Haka na ce.
Amma da magariba, bayan motoci sun watse,
ni aka bar wa wankinsa.
Na bi fiffiken da hannu, sumul, mai kaifi, kamar bayan giwan ruwa.
Na lashi yatsa na ɗaga sama.
Iskar ta kwanta.
Na ƙara wa igiya ƙulli ɗaya,
na tambayi Tanimu, kamar ba komai,
ko Asabar mai zuwa yana dawowa.