Basilla

Shekara talatin ina huda fata a Birni,
a gindin dutsen da ke tare mana rana da hantsi.
Na huda kube, na huda jaka, na huda takalmin ango,
ban taɓa jin rami ya yi magana ba.

Sai ran da Cima ta dawo daga lakwal,
sandarta na gaida dokin ƙofa,
ta ce, Baba, tsinkena ya faɗa kwata wajen Kasuwar Dole.
Mushe Kiyari ya ce babu wani
sai kaya sun iso daga Yamai,
kayan Yamai kuwa ba su san sauri ba.

Na ce, wane irin tsinke?
Ta kama yatsana ta auna: gaɓa biyu,
kai kamar ƙwallon aduwa, baki ba kaifi.

Na ɗauko basillar da na gada,
wadda tsohona ya hana ni taɓawa har na yi gemu,
na goga bakinta a dutse, na goga,
har ta mance abin da aka ƙera ta don shi.
Da ƴan'uwana dukawa sun gani
da sun ce Barma ya taɓu.

Allonta na roba ne, duk ƴan tagogi,
kowace taga gurbi shida.
Daga dama take farawa, irin na ajami,
ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas,
kamar kaza ta sami gero a faranti,
sannan ta kifa takardar
ta bi ta daga hagu, irin na boko.
Na ce, ke, hanya biyu kika ɗinke a shafi guda.
Ta ce, Baba, yi shiru, kana ɓatar da ni.

Su goma sha ɗaya ne a aji,
littafin lissafi ɗaya.
Yatsu sun cinye shafi na bakwai.
Huɗu ta rasa ɗigo guda, ta wayi gari uku,
yara suna ta faɗuwa a lissafin da suka iya.
Akwai wayar mushe mai magana,
muryar wata mata, Faransanci ta hanci.
In an ba ta Hausa sai ta sarƙe,
duk harafi mai lanƙwasa ta tsallake shi
kamar mai sabon zane a bakin taɓo.
In wuta ta kwana biyu ba ta zo ba
ita ma sai ta ɗauke.

Ni dai fata na sani.
Na zaɓo ta akuya, jimar bagaruwa,
na fere ta har tana nuna hasken fitila,
na yayyafa mata ruwan da muka saya da safe.
Cima na faɗa, ni ina dannawa.
Na farko duk a juye ya fito.
Ta yi dariya har ta ƙware,
uwarta ta leƙo ta ga wa ya mutu.
Na biyu ya kwana a inuwa ya bushe,
ƙurajen suka tsaya cur, kamar tsagar gado.

Da dare ta ja hannuna ta ɗora.
Ta ce, karanta.
Ban ji kome ba.
Kantar shekara talatin ta makantar da yatsun.
Ta bi su ɗaya ɗaya tana tsaki,
har ta zo kan ɗan ƙaramin,
malalacin da bai taɓa riƙe zare ba.
Ta ce, wannan da sauransa.

Na ji su. Uku ne, biyu sama, ɗaya ƙasa.
Ta ce, huɗu ke nan, ta dawo.

Jiya mushe ya aiko ta da saƙo:
shafi na takwas ma ya soma kwanciya,
kuma nawa ne kuɗin aikin?
Na ce ta gaya masa fata ta yi tsada bana.
Ban faɗi kuɗi ba.
Ga ta can na jiƙa.