Kwana Uku a Garwa

Motar Marwa ta sauke ni bayan isha'i,
ƙarfen injin niƙa da ya karye yana cikin buhuna.
Ɗan acaba ya ce, "Ina muka nufa?"
Na ce, inda baƙo zai kwana ya tashi da takalminsa.

Ya kai ni Yelwa.
Ɗakin sefa dubu biyar, fanka na juyi kamar mai gyangyaɗi,
kiɗan mashaya na ratso bango har asuba.
Ban runtsa ba.

Kashegari na haura Filato,
inda darbejiya ta yi sahu.
Mai gadi ya dubi silifas ɗina kafin fuskata.
Kuɗin dare ɗaya, in na biya,
injin zai kwanta har kaka.

Sai Dada Astajam, mai suyar kifi a bakin gadar Binuwai, ta ce:
"Ba a tambayar direba wurin kwana, ɗana.
Tambayi mai shayi.
Shi ke ganin wanda ya fito da safe
ido ba ja ba."

Mai shayi ya nuna mini lungu a Fulɓere:
shuɗiyar ƙofa, randa a gindin mangwaro,
masallaci taku goma,
mai waldar da nake nema kuma bayan katanga.

Famfo ba ya kawo ruwa sai ukun dare.
Na tashi na tara bokiti biyu,
ɗaya nawa,
ɗaya na mutumin ɗaki na shida
wanda tarinsa kawai na sani.