Ta Kusurwa Ake Farawa

Shekara talatin da ɗaya ina rubuta ta a allo
a wata makaranta a Bolos, bakin tekun Girka:
faraksis.
Nakan ce wa yara, ku raba ta da kallon mai nazari,
ku raba ta da ƙira.
Kafinta ya gama teburi, teburi ya tsaya, shi ya wuce.
Ita kuwa ba ta kai kaya kasuwa,
ribarta na cikin yin ta.
Su rubuta. In ba su maki. A kaɗa ƙararrawa.

Sai ruwa ya gangaro daga dutse wata kaka,
ya shiga unguwarmu ba sallama.
Da ya janye, laka ta kai gwiwa
a ɗakin Stamatiya maƙwabciyata,
wadda muka yi shekara tara ba ko gaisuwa
saboda reshen zaitun da ya tsallako katanga.

Na tsaya a baranda ina auna lamarin.
Hujja uku na cewa sauka,
biyu na cewa zauna,
ga kuma ciwon baya.
Argiris mai gyaran babur, da na kayar sau biyu a jarrabawa,
bai nemi jin ko ɗaya ba.
Ya miƙo shebur ya ce, Malam, ta kusurwa ake farawa.

Ban taɓa cin karo da wannan a littafi ba,
don haka na fara ta tsakiya.
Lakar ta dawo ta rufe sawuna.
Na dakata, na duba, na koma kusurwa.
Hannu ya nuna wa kai kuskurensa,
kai ya nuna wa hannu inda daɓe ya karkata,
suka yi ta miƙa wa juna har rana ta yi sanyi.

Ba mu ƙera komai ba.
Da dare ɗakin ɗaki ne kurum, ga wari, ba kujera.
Stamatiya ta dafa gahawa a ɗan risho,
ta ba ni kofi mai karyayyen kunne,
ta ce, zaitun ɗin ma ruwa ya tafi da shi.
Muka yi dariyar da ba ta dace da ranar ba.

Yanzu in an tambaye ni ma'anarta
bakina kan yi nauyi.
Bororon tafina ya fashe, ya warke, ya zama kanta.
Gobe gidan su Argiris za mu kwashe.
Ya ce in zo da takalmin roba,
in bar tabarau a gida.