Layin Gawayi

Ran da likitan Madani ya ce cutar daji ta sake ni,
'yan dubiya suka naɗe tabarminsu.
Na koma Mai Wurno da nono guda
da hannun da ya ƙi ɗaga buta.

Aka ce in gode Allah. Na gode.
Amma cikin dare ina laluba wurin
kamar harshe a giɓin haƙori.

Sai ga Tasalla. Ko sannu ba ta ce ba.
Ta tura ƙofa, ta yaye mayafi:
tabonta ya shekara bakwai,
ya dushe, ya kwanta.

Ta tsai da ni gaban katanga:
"Bar yatsunki su hau kamar ƙadangare.
Yau nan kika kai."
Ta ja layi da gawayi.

Ta ɗinka min ƙunshin audugar Jazira,
na cusa a hagu, ya karkace,
muka yi ta dariya
har gahawa ta tafasa ta zube.

Jiya an sallamo Batulu ta bakin kogi,
an ce ta daina magana.
Na zura zare a allura,
na jefa gawayi a jaka.